Kwabo a Tsagar Taya

Ranar da na ɗauko jif ɗin nan wurin dillali a Buffalo
ban duba ƙafafunta ba.
Wa ke duba ƙafar amarya ranar buɗar kai?
Na shafa kujerun fata, na murɗa rediyo,
na manta da abu huɗu
da su kaɗai ke taɓa hanya.

Da rani ba su yi mini laifi ba.
Shiru, kamar kyanwa a kan darduma,
mai ma yana auki.
Ashe kamfani ya zaɓe su ne don ranar gwaji,
minti goma, dillali a gefenka yana washe baki.
Ba ruwansu da Janairu,
ba ruwansu da doguwar tafiya.

Mil dubu ashirin da shida.
Safiyar Talata, ƙanƙara ta kwana a titin Bailey,
Rumasa'u a baya tana haddar lissafi.
Danja ta yi ja, na taka birki.
Motar ta ji. Tayoyin ba su ji ba.
Muka sulale kamar sabulu a jiƙaƙƙen hannu
har taƙi ɗaya tsakaninmu da bas.
Yarinya ta ƙyalƙyale, ta ce, Baba a sake!
Ni kuwa salati ya maƙale mini a wuya.

A garejin Wozniak, dattijo mai gajeren yatsa,
bai yi dogon bayani ba.
Ya zaro kwabo, ya kifa shi cikin tsagar taya,
kan mutumin da ke jikin kwabon ya fito sarai, har gashi.
Ya ce, ka gani?
Na ce, na gani. Na sunkuyar da kai don kunya.

Don ni ɗan Mati mai faci ne,
na bakin tashar Malumfashi.
Shi ba ya neman kwabo.
Tafin hannu yake ɗorawa, ya lumshe ido,
ya ce wa direba, wannan za ta kai ka Funtuwa,
amma ban ce za ta dawo da kai ba.
Shekara tara ina riƙe masa bahon ruwa
muna neman kumfar huji,
ga shi yau baƙo na koya mini karatun taya.

Wozniak ya gangaro da uku.
Ta farko araha, baƙa wuluk, sunanta ma ban iya faɗa ba.
Ta biyu ƙanwar waɗanda suka yaudare ni,
wai ta kowane yanayi ce.
Na san mutane masu irin wannan kirari.
Ta uku mai kaushi, haƙora zaƙo-zaƙo,
da hoton tsauni da ƙanƙara a kuncinta.
Ya ce, wannan tana da surutu, tana ƙara shan mai,
amma idan ka ce tsaya, za ta tsaya.

Dala ɗari tara da arba'in.
Kuɗin da na ware ne don rufin ɗakin Inna.
Na yi lissafi a tsaye, na sake,
na tuna taƙin nan ɗaya.
Sai na ɗora tafin hannuna, na lumshe ido.
Ban ji abin da Baba ke ji ba.
Sanyin roba kawai na ji.
Duk da haka na ce, sa huɗu, kar ka bar ko ɗaya.

Yanzu suna gurnani a babban titi,
Jummala ta ce kamar injin niƙa muka shiga.
Na bar ta ta faɗa.

Abin da ya tsaya mini shi ne ƙasan rasit:
dala uku kowace, ladan zubar da tsofaffin.
Na biya a jefar da su!
Baba da zai yanka takalma ashirin a ciki,
ragowar ya yi wa guga igiya
a bakin rijiya.